Huffin Alhaji Wada

Alhaji Wada bai taɓa kiran sunan 'yarsa Suhaila ba. 'Yar fari ce, kuma a gidan da ya taso uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya haɗa ido da shi, ba ya yi masa magana sai ta bakin wani. Mahaifinsa ne ya ɗauko wannan al'ada daga ƙasar Kano, ya ratsa Chadi da ita a ƙafa, ya zauna da ita a Sudan, ya tsallako teku da ita. Kayan da suka taho da su duk sun ƙare a hanya, har jakin, amma kunya ta iso Makka ko ƙwarzane babu.

Matarsa Hajiya Shatu haihuwar unguwar Zahir ce a nan Makka, ta taso cikin Larabawa masu sumbatar 'ya'yansu a bakin titi. Ta gwada kunyar 'yar fari na ɗan lokaci don ta faranta wa surukarta, ta ga ba a iya shayar da jaririya ana kallon bango, ta watsar. Saboda haka ita ta zama wayar gidan. In Alhaji na jin ƙishirwa kuma Suhaila ce a kusa, sai ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Shatu, ki ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa." Shatu ta ce, "Babanki na son ruwa." Suhaila ta ce, "Ki ce masa ga shi nan." Duk a ɗaki ɗaya, a wani lungu na unguwar Utaibiyya da mota ba ta shiga sai ta naɗe madubanta.

Kada a ɗauka ba ya ƙaunarta. A shagonsa na turare da carbi da darduma, ba ka sayen ko tsinken turare ka fita ba ka ji labarin "yarinyar gidanmu" ba: yadda ta gama karatun jinya, yadda take aiki a mustashfa, wato asibiti, a sashen masu ciwon sukari, yadda take tuƙa mota ba ta taɓa goge kowa ba. Ita kaɗai ce a Makka ba ta taɓa jin wannan yabo ba.

Da wata jami'a a Afirka ta Kudu ta ba Suhaila gurbin karatu, Shatu ta isar da saƙon yadda ta saba isar da saƙo, wato ta zare ƙashin ta miƙa tsokar. Ta ce, "Alhaji, yarinyar za ta tafi karatun likita." Ba ta faɗi likitan me ba, shi ma bai tambaya ba. Ya yanka tumaki, aka yi mandi, shinkafa da nama irin na Larabawa, ya gayyaci duk wanda ya taɓa yi masa sallama.

Ranar walima maza suka cika falo. A damarsa Ɗaso ne, mai gasa tsire a unguwar Ka'akiyya, abokinsa tun suna yara a Gadarif ta Sudan, wanda bai taɓa barin wata magana ta kwana a cikinsa ba. A hagunsa Sabi'u, wanda ya zo aikin hajji tun yana da baƙin gemu ya manta komawa, yake tura tsofaffi a keke wurin ɗawafi. Alhaji yana cikin nishaɗi, sai ya ɗauko labarin takalmansa.

"Juma'ar da ta wuce na fito daga Harami na tarar masu shara sun kwashe mini takalma. Rana tsaka, kwalta har narkewa take. Ga wani bawan Allah yana tsalle kamar an ɗora shi a kasko, yana ɗaura kwali a ƙafa. Ni kuwa haka na taka har tashar bas. Wallahi ko ɗar ban ji ba."

"Ƙafar gado ce," in ji Sabi'u.

"Ƙafar da ta tako daga Kano, kwalta ce za ta ba ta tsoro?"

Ɗaso ya lashe yatsa ya ce, "Ai kai ka huta, tunda likitar ƙafa a gidanka take."

"Likitar me?"

"Ƙafa mana. Uwargidana na zuwa wurinsu saboda sukarinta. Ta ce 'yarka da hannunta ta yanke mata farce, ta kankare mata faso, hannunta kamar auduga. Ita ta gaya mata abin da za ta je karanta ke nan."

Akwai lomar shinkafa a hannun Alhaji. Lomar ta tsaya tsakanin faranti da baki, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

"Ƙashi kake nufi. Likitan ƙashi, masu ɗori."

"A'a. Daga idon sawu zuwa ƙasa."

"Zuwa ƙasa ina? Me ya rage a ƙasa?"

Sabi'u ya tambayi shekara nawa ake yi. Ɗaso ya ce huɗu.

"Huɗu!" in ji Sabi'u. "Yatsun guda nawa ne?"

Wani maƙwabci Bayamane da ba ya jin Hausa ya ga an yi tsit, ya ɗauka addu'a aka shafa, ya ɗaga murya ya ce, "Mabruk, ya Ammu Wada!" Ɗaso kuwa ya sunkuyo, ya faɗa da muryar da yake zaton raɗa ce, "Wada, aska ta dawo gida ke nan. Sai dai ta sauka ƙasa."

Kowa a falon ya san inda maganar ta dosa, shi ya sa kowa ya koma kan shinkafarsa. Mahaifin Alhaji wanzami ne. Shi kansa Alhaji ya kwashe ƙuruciyarsa a bayan Marwa yana aske kawunan alhazai, har ya tara abin buɗe shago. Ranar da ya buɗe, ya naɗe askar da ya gada da madubinsa a zabira, ya tura ƙarƙashin gado, ya hana a ambaci wanzanci a gabansa. A ganinsa ya hau matakala ɗaya ne don 'ya'yansa su hau ta biyu.

Baƙi na watsewa ya shiga ciki. Suhaila na zaune tana haɗa faranti, har yanzu da lallen walima a hannunta. Ya dubi fankar sama.

"Shatu, tambayi yarinyar nan, gaskiya ne abin da na ji?"

Shatu ta ce, "Babanki ya ce walima ta yi kyau. Yana kuma son ƙarin bayani kan karatun."

"Ya Ummi, ki ce masa gaskiya ne," in ji Suhaila. Hausarta na tafe ne tana dafa Larabci. "Ki ce masa a sashenmu kullum sai an kawo wani tsoho daga hara, unguwa irin tamu, abin ya fara daga ɗan miki a yatsa, ya ƙare an yanke ƙafa daga gwiwa. Ni wanke miki kawai na iya. Ina so in zama daktorar da za ta tare abin tun yana yatsa."

"Ki ce mata," in ji Alhaji, ba tare da ya jira Shatu ta maimaita ba, "ubana a kai ya yi aiki. Ni a kai na yi aiki. Kan da ake sujada da shi. Ita kuma ta shiga jami'a ta fito don ta durƙusa a gaban dugadugan mutane? Kakanta ya baro Afirka a ƙafa, ita za ta koma Afirka a jirgi don ta koyi ƙafa? Ki ce mata ban yarda ba. Ta nemi ido, ko zuciya, ko haƙori ma na haƙura."

Shatu ta buɗe baki tana neman tsokar da za ta miƙa, ta tarar wannan karon duk ƙashi ne. Ta ce, "Kin dai ji."

Babu dokar da ta hana Suhaila tafiya. Shekarunta sun kai, fasfonta na cikin jakarta. Amma ta ce wa uwarta ba za ta hau jirgi ba sai ya sa mata albarka, domin mutumin da bai taɓa ce mata komai ba, ba ta son kalmar da za ta tafi da ita daga gare shi ta zama "ban yarda ba". Jami'a kuwa ta ce tana jiran amsa zuwa ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani.

A cikin kwanakin nan ne unguwa ta lura Alhaji Wada ya ƙara tsoron Allah. Ya fara sa huffi, safar fatar nan da ake shafa ruwa a kanta wurin alwala ba sai an cire ba. A tsakiyar zafin Makka, lokacin da ruwan famfo ke fitowa kamar an dafa shi. A masallacin unguwa mutane suka riƙa zungurar juna. Liman ya yaba masa da raya sunna. Sabi'u ya ce baƙin cikin 'yar ne ya kai shi ga Allah. Ɗaso ya ce ɓoye ƙafar yake kada a yanke masa farce kyauta.

A gida ma ya sauya. Ya riƙa kulle kansa a banɗaki ya daɗe. Ya riƙa kwana da huffin, ya ce sanyin na'urar sanyaya ɗaki ke damunsa. Ya kwaso turaren wuta mai tsada daga shago, wanda a da ko a sallah ba ya yarda a ƙona, ya sa a riƙa turara ɗakinsa safe da yamma. Shatu ta ji wani wari a ƙarƙashin ƙamshin, ta kira mai gyaran famfo, ya buɗe magudana ya rufe, ya ce lafiyarta ƙalau.

Akwai hidima ɗaya da al'ada ta yarje wa 'yar fari: in uba ya shigo ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, ita ke juya su ta daidaita. Wata la'asar, ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, Suhaila ta dawo daga aiki ta sunkuya ta ɗauki takalmansa. Na hagu ya jiƙe daga ciki. Ƙudaje biyu suka tashi daga kansa suka sake komawa. Ta kai shi kusa da hancinta, ta ji warin da take ji kowace safiya a wurin aiki, wanda turaren Hindiya duka ba ya rufewa.

Ta shiga madafa da takalmin a hannu.

"Ummi, tun yaushe Abuya yake sa huffi?"

"Tun bayan walima. Ko kafin ta da kaɗan. Tun dai ranar da ya dawo daga Harami ba takalmi."

"Ba takalmi?"

"Au, ba ki ji ba? Ai ya ba maza labari har sun gaji. Ya taka kwalta rana tsaka har tasha, ya ce ko ɗar bai ji ba."

Takalmin ya suɓuce daga hannun Suhaila ya faɗa kusa da kwandon albasa.

"Bai ji ba? Ummi, mutum mai sukari shekara da shekaru ya taka wuta bai ji ba, kuka yi masa tafi?"

Alhaji na kishingiɗe a ɗakinsa cikin hayaƙin turare, yana jan carbi, goshinsa na tsattsafo da gumi duk da na'urar sanyi. Shatu ta shiga, Suhaila ta tsaya a bayan labulen ƙofa.

"Alhaji, yarinyar na son ganin ƙafarka."

"Ki ce mata ta je ta ga ta uwargidan Ɗaso."

"Ki ce masa takalminsa ya jiƙe."

"Ki ce mata gumi ne."

"Ki ce masa na san warin gumi."

Alhaji ya ce wa fanka, "'Yar ƙuna ce kawai. Ta yi bororo, na fasa. Ta yi kanta, na kankare. Na sa lalle. Ni da na yi wa jarirai kaciya da beli, a koya mini miki? Kuma ki ce mata ba ya ciwo. Abin da ba ya ciwo ai ya warke."

"Da me ya kankare?" in ji Suhaila.

Shatu ba ta tambaya ba. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Zabirar da ta shekara talatin a rufe tana nan a gaba-gaba, bakinta a buɗe.

"Innalillahi," in ji Shatu. "Alhaji, askar Baba? Wadda ta yi tsatsa tun ina amarya?"

"Na wasa ta."

Suhaila ta ce ko ya nuna mata ƙafar yanzu, ko ta kira motar asibiti ta shigo lungu da jiniya, unguwa ta fito kallo. Shatu ta isar da wannan saƙo yadda yake, ba ta rage ko wasali ba. Alhaji ya ce da ya miƙa wa 'yar fari tafin ƙafa a fuska, gara ya mutu. Shatu ta ce wannan ma yana cikin abubuwan da ake magana a kai.

Ita ce ta samo mafita. Ta jawo kujera ta ajiye dab da ƙofa daga ciki, ta zaunar da shi, ta saki labule. Ta ce, "Kai kana ɗaki, ita tana waje. Ba ka gan ta ba, ba ta gan ka ba. Ƙafa kaɗai za ta fita, ita kuwa ƙafa ba ta haifi kowa ba." Alhaji ya juya maganar ta kowace fuska bai samu inda ta saɓa wa al'ada ba. A hankali ƙafar hagu ta ɓullo ta ƙarƙashin labule.

Huffin ya ƙi fita. Ya manne. Suhaila ta sa safar hannu, ta ɗauko almakashi ta tsarge shi daga sama har ƙasa.

"Ki ce mata huffin nan na fatar akuya ne, daga Madina."

Shatu, wadda ke tsaye rabinta a ɗaki rabinta a waje, ta leƙa sau ɗaya, ta dafe bango.

Lallen ya rina ƙafar ja, ya ɓoye kumburin da jan da ya kamata a gani tun farko. A tafin ƙafar, ƙarƙashin yatsu, akwai rami mai gefe a gyare tsaf, aikin gwani, domin hannun Alhaji bai manta sana'arsa ba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi kamar dabinon da ya kwana a rana.

Suhaila ta buɗe jakarta ta fito da wani siririn zare mai tauri kamar gashin jelar doki, wanda suke gwada ji da shi.

"Ummi, ki ce masa ya faɗa in ya ji na taɓa shi."

Ta taɓa babban yatsa. Ta taɓa tsakiyar tafi. Ta taɓa diddige. Ta ajiye zaren, ta kama ƙafar da hannu biyu ta matsa gefen ramin har ruwa ya fito.

Daga bayan labule Alhaji ya ce, "Shatu, ki ce mata ta fara mana. Magariba na matsowa."

Shatu ta sa gefen mayafi a baki.

Suhaila ta ce a miƙo mata madubin da ke cikin zabira. Madubin hannu ne mai mariƙin katako, wanda Alhaji ke nuna wa alhazai ƙeyarsu da shi bayan aski. Ta goge shi, ta kafa shi a ƙasa yana fuskantar tafin ƙafar, ta ɗaga gefen labule daidai yadda zai gani. Tsakanin tumbi da raunin ido, Alhaji bai taɓa ganin wurin da kyau ba. Da lalube yake aikinsa.

Carbin ya daina motsi.

"Shatu," in ji shi, da wata murya da ba ta san shi da ita ba. "Ƙafar wa ce wannan?"

Suhaila ce ta tuƙa motar. Ya zauna a baya yana kallon taga, bai ce a gaya mata ta rage gudu ba. A asibiti wani likita Bamisire ya duba, ya tambayi wane ne ya yanke gefen mikin. Aka gaya masa. Ya ce hannun na da kyau, shawarar ce ba ta da kyau. Aka shiga da shi tiyata a daren, aka cire yatsu biyu. Da safe likitan ya ce da an ƙara 'yan kwanaki da daga ƙasan gwiwa za a yi magana, kuma su gode wa wanda ya lura. Alhaji ya dubi rufin asibiti ya ce, "Shatu, kin ji."

Kafin a sallame shi ya zama malamin ƙafa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha karatu. Ranar da Ɗaso da Sabi'u suka zo da lemo da tsiren da aka hana shi ci, bai bari sun zauna ba.

"Ɗaso, tuɓe takalminka."

"A asibiti? Ni dubiya na zo."

"Tuɓe. Kai ma Sabi'u. Kana tura mutane a keke, wata rana kai za a tura. Kun san jijiya nawa ce a tafin ƙafa? Ba ku sani ba. Jahilai. Kai yana da gashi, yana da hula, kowa na kallonsa. Ƙafa ita ke ɗauke da mutum, ba mai ce mata sannu."

"Ikon Allah," in ji Ɗaso. "Da yatsu biyu kawai aka sayi wannan ilimi? Da an cire uku ai da ka buɗe jami'a."

Suhaila na tsaye a gindin gado tana duba bandeji. Gobe ne wa'adin jami'a ke cika. Shatu ta ga fuskar Alhaji a sake, ga shaidu biyu, ta ga babu lokacin da ya fi wannan.

"Alhaji, maganar karatun yarinyar. Gobe suke rufewa."

Alhaji ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin faɗin abin da za a riƙa tunawa.

"Ki ce mata na yi kuskure. Aikin ƙafa aiki ne mai daraja. Ya fi na ido, ya fi na zuciya. Ɗaso, ka shaida na faɗa."

"Na shaida."

"Saboda haka ki ce mata ba inda za ta. In ta tafi shekara huɗu, wa zai duba mini sauran?"

Hannun Suhaila ya tsaya a kan bandejin. Sabi'u na riƙe da takalminsa ɗaya, ya manta ko sawa zai yi ko cirewa. Ɗaso, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya juya ya dubi Shatu.

Shatu ta dubi mijinta. Ta dubi 'yarta. Ta gyara mayafi, ta juya ga Suhaila kamar yadda ta juya sau dubu a kan ruwan sha da makullin mota, ta ce da murya sarai:

"Babanki ya ce aiki ne mai daraja. Ya ce Allah ya yi miki albarka, Allah ya kiyaye hanya."

"Shatu!"

"Na'am, Alhaji."

"Ba haka na ce ba!"

"To ga ta nan tsaye. In na yi kuskure, kira ta ka gyara."

Kowa a ɗakin ya ji abin da ya ce, har Suhaila. Amma a gidan Alhaji Wada magana ba ta zama magana sai ta bi ta bakin Shatu, kuma shi ya kafa wannan doka, ya tsare ta shekara ashirin da huɗu. In yana son ya warware, sai ya sauke ido daga rufi, ya dubi 'yar fari a gaban Ɗaso, ya kira sunanta, kalmar farko da zai taɓa ce mata kuma ta zama "zauna".

Ya sauke idon. Ya kai shi har kan hannuwanta da ke riƙe da ƙafarsa, inda lallen walima ya kusa gogewa. Leɓensa ya motsa. Suhaila ba ta ɗauke hannun ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba, tana jira.

Idon ya koma rufi.

"Shatu."

"Na'am."

"Tambaye ta, wa zai riƙa dubawa?"

"Ki ce masa ke za ki riƙa wankewa, zan koya miki kafin in tafi. Ki ce masa duk wata zai je sashenmu. Ki ce masa kowace safiya ya duba tafin da madubinsa, kuma askar ni zan tafi da ita."

Shatu ta maimaita duka, har da askar.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafarsa da ke naɗe cikin farin bandeji.

"Ki ce mata takwas suka rage, na ƙirga. Ta yi karatun da kyau. In ta dawo zan ba ta su ta ƙirga da kanta."

Shatu ta juya ga 'yarta, ta buɗe baki, ta ga babu abin cirewa.

"Kin dai ji," ta ce.

Ɗaso ya zauna a bakin gado, ya tuɓe ɗaya takalmin, ya ɗaga ƙafarsa yana ƙoƙarin leƙa tafinta.

"Wada," in ji shi, "in ka gama da madubin nan, a ara mini."